Lig ko Kofin FA: Manchester United a kakar 1956-57

A Ingila ta wancan zamani, lig gasa ce ta juriya. Ƙungiyoyi 22, wasa 42, gida da waje, daga Agusta zuwa Afrilu. Nasara maki 2 ce, canjaras maki 1. Idan aka lallasa ka yau, akwai Asabar mai zuwa. Yaran Matt Busby, kocin United, sun lashe lig da maki 64, sun ba Tottenham tazarar maki 8, kuma sun zura ƙwallo 103.

Kofin FA kuwa sili ɗaya ƙwale ne. Manyan ƙungiyoyi suna shiga a zagaye na uku, nasara shida kawai ta kai su ga kofi, amma ƙuri'a ce ke zaɓar abokin karawa, kuma a lokacin canjaras na jawo sake wasa a tsakiyar mako.

Babban haɗarin shi ne dokar lokacin ba ta yarda a canja ɗan wasa ba. A wasan ƙarshe a Wembley, 4 ga Mayu 1957, Peter McParland na Aston Villa ya yi karo da mai tsaron gidan United Ray Wood a minti na 6, ƙashin kuncin Wood ya karye. Dole ɗan baya Jackie Blanchflower ya koma raga. McParland ɗin ne ya ci biyu, Tommy Taylor ya rama wa United ɗaya, aka tashi 2-1, Villa ta ɗauki kofin.

A ganina lig ce ma'aunin ƙarfin ƙungiya na gaskiya, ko da yake a shekarun 1950 wasan Wembley ne ake haskawa kai tsaye a talabijin, shi ya sa ya fi tashe.