Canza mazaunin gilashi a kan Shadow 2 ta hannu: aikin ya yi kyau, jiran ne dai

Bindigar CZ Shadow 2 ce, samfurin da ake wa laƙabi da OR, wanda tun daga masana'anta a Uherský Brod ta Jamhuriyar Cek aka fafe samansa don a ɗora gilashin saiti mai jan ɗigo. Ta hannu na saya, a wani shagon bindigogi a nan Teksas, bayan na cike fom mai lamba 4473 aka binciki sunana yadda doka ta tanada. Masu karatu daga gida, na san a Najeriya fistol tana cikin makaman da dokar 1959 ta hana mutum riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. A nan wasa ne mai ƙungiya da alƙalai da agogo, ƙarƙashin USPSA, wato ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, kuma rukunin da nake shiga shi ne Carry Optics, inda sharaɗin gilashi shi ne a ɗaure shi a kan saman bindigar, wato ɓangaren da ke zamewa baya duk lokacin da aka harba.

Mai ita na farko ya bar mata gilashin Vortex Venom a kan wani siririn mazauni na alminiyam wanda babu sunan kowa a jikinsa. Gilashin ba shi da laifi, mazaunin ne abin magana. Sai in saita ɗigon a yadi 15 ya zauna daram, kafin in ƙarar da gidan harsashi uku ramuka sun fara karkata hagu. In ka kama gilashin da yatsa biyu ka jijjiga, za ka ji wani ɗan ƙas-ƙas da bai kamata a ji ba. A wasan da ake raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɓata, harsashi ɗaya da ya fita daga tsakiyar kwalin da ake harbi ya isa ya sauko da kai a jeri.

Dama ina da niyyar komawa gilashin Trijicon SRO saboda faɗin tagarsa, sai dai ba a cire wannan a ɗora wancan haka kawai. Kowane gidan gilashi da irin ƙasansa: inda ramukan noti suke, tazarar da ke tsakaninsu, da gurbin da haƙoran mazauni ke shiga. Venom yana bin tsarin Docter, shi da Burris FastFire. SRO yana bin na RMR, wanda Holosun 507C ma ke bi. Leupold DeltaPoint Pro da nasa daban. Saboda haka ne CZ ta fafe saman da faɗi ta bar wa mazauni aikin haɗa su, ƙasansa ya dace da bindiga, samansa ya dace da gilashi. Ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba, amma duk shurin da bindigar ke yi ta cikinsa yake bi.

A ƙa'ida aikin noti ne da mutum zai yi a teburinsa. Da na ɗaga Venom ɗin na duba notunan da suka riƙe mazaunin, sai na tarar kan ɗaya ya cinye, ramin da alanki ke shiga ya koma zagaye, ga kuma wani jan abu ya bushe a gefensa. Na ɗauki hoto na tura wa wani yayana a wannan wasa, Bahaushen Kumasi da ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru. Ya kira ni nan take.

“Ƙanena, ajiye alankin nan. Jan gam ne aka zuba. In ka matsa, kan notin zai guntule ya bar maka sauran a ciki, daga nan kuma sai kuka.”

“To Yaya, ya zan yi?”

“Kai wa tsohon nan na bayan gari. Amma ka tafi da haƙuri a aljihu.”

Tsohon mai gyaran bindigogi ne, shagon a bayan gidansa yake, ɗaki ɗaya mai warin mai da ƙarfe, da injin sassaƙa a kusurwa wanda da alama ya girme ni. A ƙofa an rubuta cewa kada a shigo da bindiga sai babu harsashi kuma tana cikin jaka. Duk da haka, abu na farko da ya yi shi ne ya zare gidan harsashi, ya ja saman baya, ya leƙa ciki, ya sa yatsa ya taɓa. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali. Ya ɗora tabarau a kan tabarau ya dubi notin, ya girgiza kai, ya ce in dawo bayan mako guda. A nan ne ya zama telan jajibirin sallah: ka je ya ce gobe, ka kira waya ba a ɗauka, ka bar saƙo shiru. Gasa guda ta wuce ni ina jira. Na faɗa ne don wanda zai je ya san lissafinsa, kada ya kai bindiga ana saura kwana kaɗan wasa.

Ranar da ya waiwayi aikina ya bar ni na tsaya ina kallo, abin da ba kowane mai sana'a ke yarda da shi ba. Bai fara da ƙarfi ba. Ya ɗauko ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo ya ɗora bakinsa a kan notin, ya bar zafi ya ratsa. Gam ɗin Loctite iri-iri ne, kuma launi ne ke bambanta su. Shuɗi, mai lamba 242 ko 243, an yi shi don a iya kwancewa da hannu. Ja, mai lamba 271, ba ya saki sai ya ji zafi wajen digiri 260 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya zuba shi a kan notin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ko dai bai sani ba, ko kuma ya gaji da kwancewar mazaunin ne ya ce bari ya kashe maganar gaba ɗaya. Da ƙarfen soda zafin yana tsayawa a kan notin, ba ya bin jikin bindigar ya ɓata fenti yadda wutar gas za ta yi.

Lafiyayyen notin ya fito salin-alin. Mai cinyayyen kai kuwa sai da ya ɗaure saman a injin, ya sa bakin huda mai juyin hagu. Hikimar ita ce yana cin ƙarfen yana juyawa ta ɓangaren kwancewa, kuma kafin ya yi nisa notin ya kama ya biyo shi waje. Ya bi ramukan da abin gyaran tiredi ya kwashe busasshen gam, ya wanke da asiton, ya busa iska. Sai ya juyo da tsohon mazaunin ya nuna mini. Babu haƙori ko ɗaya a samansa, notuna biyu kaɗai ke riƙe da gilashin, kuma ramukansu sun fara tsawo saboda duka. Ya ce noti aikinsa ya danne abu ƙasa, ba ya tare shi daga gaba da baya ba. Tarewa aikin haƙora ne, ƙananan tudu da ke shiga gurbin da ke ƙasan gilashi. In babu su, kowane harbi notin ne ke sha, har ya kwance ko ya karye. Araha dai ba ta ado.

Masu yin mazaunin Shadow 2 suna da yawa. CZ da kanta tana sayarwa, ga C&H Precision a nan Amurka, ga Eemann Tech ta Estoniya, ga Toni System ta Italiya. Tsohon ya ciro wani na baƙin ƙarfe daga aljihun teburinsa, mai haƙora, ya gwada shi a gurbin ba tare da noti ba. Sai da ya ɗan danna da babban yatsa sannan ya shiga, kuma da ya kifar da saman bai faɗo ba. Na tambaye shi batun nauyi, don baƙin ƙarfe ya fi alminiyam. Ya ce iyakar Carry Optics oza 59 ce, bindigar kuma wajen oza 46 da rabi take, akwai sauran fili mai yawa. Abin da ya fi damunsa shi ne sifirin ɗin da ke mayar da saman gaba, tunda babu wanda ya san harsashi nawa ya gani a hannun mai ita na da. Ya canza shi, kuma ban yi musu ba.

Inda na ga kuɗina ya halatta shi ne wajen tsawon noti. Notunan da suka zo da gilashin sun ɗan zarce kaurin mazaunin. In aka ɗaure su haka, bakinsu zai tokari saman bindigar kafin kansu ya danne gilashin, hannu ya ji kamar ya ɗauru alhali gilashin yana lilo. Ya auna da ma'aunin kauri, ya zaɓo gajeru daga cikin akwatinsa, ɗaya ma sai da ya goge bakinsa da magagari. Ya ɗiga shuɗin gam kaɗan a kan tiredi, ba a cikin rami ba, ya ɗaure da sukundireba mai awon ƙarfi, wannan kaɗan wancan kaɗan har suka kai. Irin waɗannan notuna ba sa son fiye da inci-fam goma sha wani abu a ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma kowane kamfani yana rubuta nasa adadin a takarda. Shi takardar ya buɗe ya karanta duk da shekarunsa a sana'ar. Daga ƙarshe ya ja ɗan layin farin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin gilashin, ya ce in na ga layin ya rabu to notin ya motsa. Ya kuma hana ni harbi sai bayan awa 24, gam ya kama.

A filin harbi saitin bai ba ni wahala ba. Kowane ƙas na maɓallin SRO yana matsar da ɗigon MOA ɗaya (ma'aunin saiti ne), wato wajen rubu'in inci a yadi 25, don haka lissafin a fili yake. Na zaɓi ɗigo mai MOA 5 maimakon 2.5. Masu harbin nesa za su ce ya yi girma, ni kuwa idona ya fi saurin kama shi in ina gudu tsakanin kwalaye, kuma yawancin abin da ake harbi a wasanmu bai kai nisan da girman zai rufe shi ba. Batirin CR2032 ta sama ake sa shi, ba sai an kwance gilashin ba, wanda ke nufin notunan da tsohon ya ɗaure za su zauna abinsu. Tun daga ranar layukan fentin ba su rabu ba, ƙas-ƙas ɗin ma ya tafi.

Abu biyu ne sai da na saba da su. Tsayin ɗigon daga hannu ya canza kaɗan, don haka in na zaro daga kube sai in ga taga babu ɗigo, sai da na yi ta atisaye a gida da bindiga babu harsashi kafin hannu ya gane sabon wurin. Na biyu, SRO yana da goshi da ya turo gaba kusa da inda kwanson harsashi ke fita, hayaƙi yana taruwa a fuskar gilashin. Ƙyallen goge tabarau ya zama ɗan jakata.

Kuɗin aiki dala 80 ya karɓa, ban da mazauni da sifirin, kuma tsaba yake so, ba ya karɓar kati. Gilashin da kansa ya haura dala 500. Wanda ya sayi bindigarsa sabuwa, notunanta ba wanda ya taɓa, yana da sukundireba mai awo, ba ya bukatar tsohon nan. Mai ta hannu da ya ga kan noti ya cinye ko ya ga jan abu a gefe, ya kai masa, ya kuma nemi aron bindiga don gasar da ke tafe.

Saura abu ɗaya da shi ma bai iya yi mini maganinsa ba. Shadow 2 OR tana fitowa daga masana'anta da murfin ƙarfe a wannan gurbin, kuma a kan murfin ne saitin baya na ƙarfe yake. Tawa ta zo babu shi, shagon da suka sayar mini sun ce haka aka kawo musu ita. Ma'ana in na so shiga rukunin Production, inda ba a yarda da gilashi ba, sai na sayi murfin daban. Mai niyyar sayen irinta ta hannu ya buɗe akwatin a gaban mai shago ya nemi murfin nan da notunansa kafin a yi ciniki, in babu a rage masa kuɗinsa.