Tsarin Indiya ko na Amurka: wanne za ka ɗora labarinka a kai?

Ɗan'uwa, ka ce za ka rubuta fim ɗinka na farko, kana kallon na Indiya kana kallon na Amurka, amma ka rasa wanda za ka bi tsarinsa. Bari in ɗauki labari guda in ba kowannensu, ka ga yadda zai juya shi.

Ga wani tela a Fagge. Saura kwana uku biki, dutsen guga ya ƙone masa leshin amarya, leshin da ya fi keken ɗinkinsa tsada.

Marubucin Amurka kashi uku zai raba labarin. A lissafinsu shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, kuma Syd Field, wanda littafinsa na 1979 ya yaɗa tsarin, ya kasa shafi 120 kamar haka: 30 na buɗewa, 60 na gwagwarmaya, 30 na warwara. Kafin minti goma leshin ya ƙone. Wajen minti 30 uwar amarya ta leƙo shago, tela ya ce, "An kusa gamawa, Hajiya." Daga wannan ƙaryar babu komawa baya. Ya nufi Kantin Kwari, irin leshin ya ƙare. Ya ci bashi, ya jinginar da keke, sai ga shi ba abin da zai yi ɗinkin da shi. Duk dabarar da ya yi sai ta haifar masa da wata matsalar da ta fi ta baya, har safiyar biki. Kowace fitowa tambaya ɗaya ake yi mata: ta kusantar da shi ga leshin ko ta nesanta shi? In ba ko ɗaya, a cire ta, ko da ita ce mai ban dariya.

Marubucin Indiya ba ya gaggawa. Zai fara nuna maka keken gadon uba ne, ga uwa mai jinya, ga ƙanwa da ake tara wa kayan ɗaki, ga aboki sarkin barkwanci. Marubucin yana da awa biyu da rabi, wani lokacin har uku, kuma gida biyu yake raba su, domin silimun Indiya suna ba da hutu a tsakiyar fim. Shi ya sa babban tashin hankali yake faɗowa daf da hutun: a nan ne tela zai gane amaryar ita ce yarinyar da aka hana shi. 'Yan kallo su fita sayen shayi da tambaya a ransu, su dawo su tarar fim ya sauya ɗanɗano. Waƙa ma aiki take yi. A minti biyar ta tsallake da kai shekaru, ko ta faɗi abin da baki ba zai iya furtawa a gaban iyaye ba. Ina ganin wannan ne ya sa tun shekarun 1950, da Kwarori suka fara shigo da fina-finan Indiya silimun Arewa, suka kwanta mana a rai. Kunya, auren dole, girman uwa, duk mun san su a gida.

Ni dai shawarata, rubutun farko ka ɗora shi kan ƙashin bayan Amurka. Cutar da ta fi damun fina-finanmu ita ce zaman falo: mutum biyu a kujera suna maimaita mana abin da muka riga muka gani. Kashi ukun nan maganinta ne, don yana tilasta wa jarumi ya tashi ya yi wani abu. Tsarin Indiya kuwa yana cin jarumai da yawa da kuɗin furodusa, kuma sabon hannu nan da nan yake ɓata a cikin rassansa.

Sai dai telan Amurka shi kaɗai yake yanke hukunci. Namu yana da uwa, yana da maigidan da ya koya masa ɗinki, yana tsoron a ji a unguwa. Wannan nauyin ka koye shi wurin Indiyawa. Ka kuma riƙe dabarar hutun nan da kyau, domin tun da Arewa24 ta fara a 2014, YouTube kuma ta buɗe kasuwa, fim mai dogon zango ne ke tashe, kuma ƙarshen kowane kashi hutun Indiya ne: dole ka bar mai kallo da tambaya har mako mai zuwa.

Batun kallo, sau ɗaya ba ya koyar da komai. Na farko ka ji daɗinka. Na biyu ka zauna da takarda da biro, duk inda labari ya juya ka tsayar, ka rubuta minti nawa ne da abin da ya sauya. Na uku ka kashe sauti na minti goma, ka ga ko za ka gane wa ke fushi da wa. Kada ka yi wannan aikin da fim mai fassarar Hausa, masu fassara kan ƙara nasu gishirin. Abin da za ka ɗauko shi ne yadda aka ƙulla, labarin kuwa ka bar wa masu shi.

Yanzu ka gwada hannunka. Hajiya ta yi sallama, tela ya cusa leshin ƙarƙashin keke, ƙaurin bai gama fita daga shagon ba. Shafi biyu, kada kowa ya furta kalmar "ƙonewa". Ka turo mu karanta.