Abin da farfaɗo da tsohuwar akori-kura Peugeot 504 ya ci mini a wani gareji a Kaduna

Motar da nake magana a kanta akori-kura ce ƙirar Peugeot 504 ta shekarar 1986, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana dakon hatsi da takin zamani da ita tsakanin kasuwannin Giwa, Maƙarfi da Zariya. Bayan ya daina fita, ta yi shekara 14 a jibge a gindin darbejiya a ƙofar gida, tayoyinta suka nutse a ƙasa, kaji kuma suka mai da bayanta akurki. A farkon 2023 na sa aka jawo ta zuwa wani gareji da ke Kakuri a Kaduna domin a maido ta yadda take a da. An yi mini ƙiyasin naira miliyan 1 da dubu 800 da alƙawarin wata uku, amma ban karɓi makullinta ba sai bayan wata 14, kuma lokacin da na tattara rasidai na tarar na kashe naira miliyan 4 da dubu 600.

Ba da ka na zaɓi wurin ba. A Kakuri ne kamfanin Peugeot na Najeriya ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma Kaduna na cikin wurare na ƙarshe a duniya da aka ci gaba da fitar da 504, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Wannan tarihi ya bar wa garin dattawan makanikai da suka san Fijo ciki da bai, waɗanda ke gane ciwon inji daga jin kukansa kawai. Mai garejin da na kai wa motata yana cikinsu, dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma a fannin inji ban ga inda zan kushe shi ba.

Injin motar mai silinda huɗu ne, lita biyu, wanda kamfanin ke kira XN1, kuma yana da wata siffa da ke rage wa mai gyara asara ƙwarai. Ramukan da fistin ke kai-komo a cikinsu ba a jikin bulok ɗin aka fafe su ba, silib ne da ake zarewa a sa sabo, don haka ko inji ya cinye ba sai an kai shi wurin masu injin yanka ƙarfe sun faɗaɗa ramin ba, sai dai a sayi silib da fistin da ringi a haɗe a mayar. Sai dai aikin yana da tarko, domin kowane silib dole ya ɗan ɗara fuskar bulok da wani ɗan ƙanƙanin awo, wanda ake daidaitawa da siraran gasket a gindinsa, kuma in aka yi kuskure a nan, ba a jimawa gasket ɗin sama zai ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Na tsaya ina kallo dattijon ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya zare na uku har sau biyu kafin ya gamsu, alhali yaransa sun ƙosa su rufe injin su tashi. Tof silinda kuwa, wato murfin saman injin, na alminiyam ne, kuma shekarun da aka yi ana zuba wa lagireto ruwan rijiya sun zaizaye hanyoyin ruwansa, dole aka nemo wani. Da wannan, da gyaran karanshaf, da metal, da kuloci, da wanke kafireta ƙirar Solex, da ladan aiki, inji da giya suka tashi a kan miliyan 1 da dubu 100. Wannan ne kaɗai ɓangaren da bai yi nisa da abin da aka faɗa mini tun farko ba.

Wani abin da ya sa na yarda da mutumin shi ne yadda yake sayen kayan gyara. Kayan 504 iri uku ne a kasuwa yanzu: akwai na asali da suka yi kwantai a shagunan tsofaffin 'yan kasuwa, akwai 'yan Beljiyam da waɗanda aka kwance daga matattun motoci, sannan akwai sababbin kwaikwayo masu kyan kwali. Duk abin da kuɗinsa ke da nauyi, sai ya ce in zo mu shiga kasuwar Panteka tare, ya nuna mini iri biyu ko uku, ya faɗi wanda zai sa da motarsa ce, sannan ya bar ni in biya da hannuna. Tsofaffin kayan da aka cire kuma a buhu ya tara mini su. Wanda ya taɓa biyan kuɗin sabon famfon ruwa aka wanke masa tsohonsa aka mayar, zai san darajar wannan buhu.

Inda lissafi ya ɓaci shi ne bodi, kuma a nan ne nake da ƙorafi na gaske. An yi mini ƙiyasin ne da ido, motar tana sanye da tsohon fentinta, ba a kankare ko da faɗin tafin hannu ba. Ranar da aka ɗaga ledar ƙasa aka goge fenti, sai ga tsatsa ta cinye ƙasan ɗakin direba ta ɓangarorin biyu, ta ci dokin ƙofofi, ta bi gindin gilashin gaba inda ruwan sama ke kwanciya, har ta kama inda kan shokozoba na gaba ke ɗaure. Ƙasan akwatin baya kuwa, inda aka yi ta loda buhunan taki, ya zama kamar rariya, domin taki ba ya barin ƙarfe lafiya. Abin da ya ƙara wa matsalar nauyi shi ne gaban 504 ba bodi ba ne da aka ɗora a kan shasi daban kamar na manyan motoci, jikin ne da kansa ke ɗauke da nauyin, saboda haka ruɓewar waɗannan wurare ba maganar kwalliya ba ce, maganar ko motar za ta iya ɗaukar kaya ba tare da ta buɗe ba ce. Mutumin da ya shekara arba'in a kan wannan mota ya san wuraren da take ruɓewa, kuma ya kamata a ce ya duba su kafin ya furta adadi. Da na yi masa wannan magana, cewa ya yi, "Alhaji, da na faɗa maka gaskiyar kuɗin tun ranar farko, da ba ka bar ta a nan ba." Ban ji daɗin amsar ba, ko da yake ban iya ƙaryata ta ba.

Garejin ba shi da fanel bita nasa, wani yake kira daga waje, kuma na farkon da aka kawo aikin ha'inci ya yi. Maimakon ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya dasa sabon faranti, sai ya liƙa 'yan guntaye daga sama, ya cike sauran da bodi fila, ya goge ya yi sumul kamar ƙwai. Wani abokina ne ya ba ni shawarar in tafi da maganaɗisu in bi jikin motar da shi, domin yana kama ƙarfe amma ba ya kama fila mai kauri. A dokin ƙofar dama maganaɗisun faɗuwa ya yi ƙasa. A nan mai garejin ya nuna dattako, ya sallami mutumin, ya kawo wani, ya kuma ɗauki rabin ladan sake aikin a kansa, amma kuɗin faranti da kabaid da wata biyun da suka salwanta ni na ɗauka. Shi na biyun ya san hannunsa, yana walda kaɗan-kaɗan yana barin ƙarfen ya huce, saboda wutar kabaid tana lanƙwasa siririn faranti in aka zafafa masa. Fenti kuma sai da aka jira hunturu ya wuce, tunda a fili suke fesawa, ƙurar kuwa ba ta barin ɗanyen fenti. Gyaran jiki da fenti suka cinye miliyan 1 da dubu 900, wato fiye da abin da aka ce duka aikin zai ci.

Ba duka ƙarin ne laifin garejin ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma fenti da tina da batir da taya duk suka bi ta. Abin da na saya a watan Afrilu, da na koma neman irinsa bayan wata takwas, kuɗinsa ya kusa ninkawa. Sai dai jinkirin da ya jefa ni cikin wannan tsada na garejin ne. Motocin haya suna shigowa kullum da gyaran da za a gama a biya kafin la'asar, don haka duk ranar da aiki ya yi yawa, tawa ce ake turawa gefe a rufe da tamfol. Na lura cewa makon da na leƙa sau biyu aiki yana tafiya, makon da ban je ba kuwa ko kusa ɗaya ba a ɗaurawa.

Ƙafafu da burki da tayoyi huɗu sun ci dubu 750. Nan ma akwai abin da mai irin wannan mota ya kamata ya sani, wato ƙofofi da fitilun gaba da yawancin kayan gaba ana iya samunsu daga matacciyar 504 ta shiga, amma bayan akori-kura daban yake, sifirin ɗinta na faranti ne mai hawa-hawa, aksul ɗinta ma ba irin na ƙaramar ba ne. Ƙofar akwatin baya da fitilun baya sun fi komai wuyar samu, har sai da aka aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano kafin a dace. Mai waya ya zare tsofaffin wayoyin da ɓeraye suka gaigaye ya ja sababbi a kan dubu 250, aikinsa kuma tsaf, kowace fitila tana kamawa. Kujera da gilashi da robobin ƙofa dubu 350, ragowar kuma ya tafi a kuɗin jawo mota, sabunta takardu, da 'yan ƙananan abubuwan da ba a rubutawa sai an zo lissafi a ga sun taru.

Motar a yau tana tashi da bugu ɗaya, ba ta zafi, ba ta hayaƙi, kuma na kai ta Zariya na dawo da buhu takwas na masara ba tare da ta yi ko tari ba. Man fetur dai tana sha irin na motocin zamaninta, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023. Wani dillali ya tsayar da ni a gidan mai ya taya ta miliyan 2 da rabi, kuma ban ga alamar wasa yake yi ba, iyakar abin da kasuwa ke gani a jikinta ke nan. Duk wanda zai yi wannan aiki da niyyar sayarwa ya ci riba, asara zai tafka, wanda kuma motar aiki kawai yake nema, kuɗin sun fi amfani a wata mota daban. Ni abin da na saya da kuɗina shi ne in ga motar mahaifina tana tafiya, kuma na samu.

Garejin zan iya tura mutum can, amma da sharuɗɗa. In aikin inji ne ko giya, ya kai kai tsaye, zai yi wuya ya sami wanda ya fi su. In kuwa farfaɗo da mota gaba ɗaya ne, kada ya karɓi ƙiyasi sai an kankare fenti an ɗaga ledar ƙasa a gabansa, ko da zai biya kuɗin wannan binciken daban, kuma ya nemi ganin wata motar da fanel bitansu ya gama aƙalla shekara guda da ta wuce. Kafin alƙalami ma kada ya wuce na matakin da ake ciki, domin ni na ba da rabin kuɗi a dunƙule, kuma daga ranar ba ni da sauran abin da zan matsa musu da shi.

Bayan na yi kilomita 1,000 na mai da ita aka sake ɗaure kusoshin tof silinda aka daidaita bawul, kamar yadda irin wannan inji ke buƙata bayan an buɗe shi, kuma ba su karɓi ko sisi ba. Agogon mai ne kaɗai har yanzu ba ya motsi, domin ba a sami abin da ke auna man a cikin tanki ba, dattijon ya ce ya bar sallahu a Panteka. Kafin a samu, da littafi nake tafiya, ina rubuta lita da kilomita duk lokacin da na sha mai.