Gargaɗi ga masu sayen katin hoto na kwamfuta a Accra

'Yan'uwa matasan Nima da Mamobi da Sabon Zango, musamman masu tara kuɗi don buɗe shagon gem, ku yi hattara. Akwai masu tallata katin hoto a WhatsApp da Facebook, su ce GTX 1050 Ti ne mai 4GB, da arahar da za ta ruɗe ka. Sai su ce ka tura rabin kuɗi ta MoMo, ku haɗu a Circle.

Hujjarsu guda ce: su buɗe dxdiag, manhajar Windows mai nuna bayanan kwamfuta, su nuna maka an rubuta DirectX 12, wato tsarin Microsoft da gem ke aiki da shi. Wannan rubutu Windows yake siffantawa, ba katin ba. Tun da Microsoft ta fito da DirectX 12 tare da Windows 10 a 2015, duk na'urar da ke ɗauke da Windows 10 haka za ta nuna, komai tsufan katinta. Abin da gem ke dubawa yana shafin Display na dxdiag, a layin Feature Levels, wato matakin DirectX da katin kansa ke iya kaiwa. Tsofaffin katuna irin GTX 600 da 700 suna aiki da DirectX 12, amma a 11_0 suke tsayawa. Gem ɗin da ya nemi 12_0 ba zai buɗe ba, kuma babu manhajar da za ta gyara, domin gazawar a jikin katin take. 1050 Ti na gaske yana kaiwa 12_1. Wanda ya ce maka yana ɗaukar DirectX 12 Ultimate, wato 12_2, ƙarya yake. Wannan sai RTX 20 zuwa sama, ko RX 6000, ko Intel Arc.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jabun. Sukan ɗauki GTS 450 na 2010, su sauya masa BIOS, wato manhajar da ke jikin katin, ya riƙa amsa sabon suna. Windows zai yarda, gem zai fara, da ya wuce ƙwaƙwalwar katin ta gaskiya sai ya tsinke. Dubi bayansa: in ka ga kafar VGA, ajiye musu kayansu, jerin GTX 10, wanda 1050 Ti ke ciki, ba su da ita. Sannan a sa GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a gabanka. Na gaske 768 yake nunawa a layin Shaders, GTS 450 kuwa 192.

Kada sidi ko ɗaya ya fita kafin a jona katin a buga gem mai nauyi kana kallo. Wanda aka riga aka damfara ya adana saƙonni da shaidar MoMo, ya kira hukumar tsaron intanet ta Ghana a 292.