Hudar yanka da hudar dannewa: wacce ta fi riƙe dashen haƙori?

Ɗan'uwa, ka ce za a yi maka dashen haƙori a gurbin turmin sama, likita ya ce ƙashin wurin yana da laushi, ya kuma ambaci hanyoyi biyu na huda ƙashi kafin a ɗaura sukurun ƙarfen titaniyom da zai riƙe sabon haƙorin: tsohuwar da aka saba da ita, da sabuwa mai danne ƙashi. Kana son sanin wacce ta fi kamu. To, ga yadda nake kallon lamarin.

Kamun dashe iri biyu ne, kuma a nan mutane ke rikicewa. Akwai na ranar farko, wanda matsewa ce zalla, kamar yadda sukuru ke cizon katako. Akwai kuma na gaske, lokacin da sabon ƙashi ya tsiro ya manne da ƙarfen, abin da likita Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya gano har ya yi wa mutum dashen farko a 1965. Na farkon yana raguwa yayin da na biyun ke ginuwa, shi ya sa dashe ya fi rauni a wajen mako na 2 zuwa na 4. Salon huda yana shafar duka biyun, amma ba ta fuska ɗaya ba.

Hudar yanka ita ce tsohuwar hanya. Ana farawa da siririn mahudi mai faɗin kusan milimita 2, a riƙa sauya shi da wanda ya fi shi kauri har ramin ya kai girman da ake so. Mahudin yana juyawa dama, yana yankan ƙashi yana fitar da shi. Idan likita ya zaro shi za ka ga ɗan farin tsaki ya maƙale a kwaroron jikinsa. A ƙashi mai tauri, irin na gaban muƙamuƙin ƙasa, ba ta da abokiyar gasa. Matsalarta sai an zo ƙashi mai laushi, wanda masu bincike Lekholm da Zarb suka sa a aji na 4 a rabe-rabensu na 1985. Cikinsa kamar soso yake. Ka yanke ka kwashe ɗan abin da ke akwai, sukuru ya shiga yana lilo. Dabarar da likitoci suka daɗe suna yi ita ce su tsaya kafin mahudi na ƙarshe, su bar ramin a ɗan tsuke, sukurun ya buɗa wa kansa hanya. Dabara ce mai kyau, ba ta kuma bukatar wani sabon kayan aiki.

Hudar dannewa kuwa wani likita a Amurka, Salah Huwais, shi ya fito da ita wajen 2013, da mahudan da ake kira Densah. Su hagu suke juyawa. Maimakon su kwashe ƙashi, sai su tura shi gefe su danƙare shi a bangon ramin, tsakin ma ya koma ciki ya cike ƙofofi. Da an zare mahudin, bangon yakan ɗan dawo ya rungumi sukurun. A ƙashi mai laushi wannan yana ƙara kamun ranar farko, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna haka. Sai dai bayan 'yan watanni, da ƙashi ya warke, tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu takan ragu. Sannan tsohuwar hanya tana da shaidar shekaru sama da 50, ita kuwa wannan yarinya ce. A ƙashi mai tauri ba na ganin dalilinta: abin da ya riga ya danƙare, in ka ƙara matsa shi, jini ne zai kasa kai masa, ko bango ya tsage.

Abin da ya fi damuna bai ma shafi hagu ko dama ba. Zafi ne. Masu bincike Eriksson da Albrektsson sun nuna a 1983 cewa idan ƙashi ya kai digiri 47 na Salshiyas tsawon minti ɗaya, ya fara lalacewa. Lura, jiki da ma yana kan 37, ratar goma ce kacal. Ƙashin da ya ƙone ba ya mannewa da ƙarfe; wata tsoka mai laushi ce ke zagaye sukurun, ranar farko ya yi ƙam, bayan makonni ya soma motsi. Shi ya sa a hanyoyin biyu, inda injin ke juyi 800 zuwa 1,500 a minti, ake feshin ruwan gishiri ba ƙaƙƙautawa, likita kuma yana shiga yana fita maimakon ya danna gaba ɗaya. Dakushin mahudi ma yana ta da zafi. 

Ga naka wurin, turmin sama mai laushi, ni zan karkata ga hudar dannewa in likitan hannunsa ya faɗa da ita. In bai saba ba, ramin da aka bari a tsuke a hannun gwani ya fiye maka sabon kaya a hannun ɗan koyo.

Ranar aikin, ka tambaye shi lambobi biyu. Ɗaya ƙarfin murɗawa da sukurun ya kai, wanda ake so ya kai wajen 35 Ncm (ma'aunin ƙarfin murɗawa) kafin a yi tunanin ɗora haƙori nan take. Ɗayan kuma ISQ, wato ma'aunin yadda dashen ya kafu, da na'ura irin Osstell ke aunawa daga 1 zuwa 100: sama da 70 kamu ne mai ƙarfi, ƙasa da 60 kuwa a yi hattara. In lambobin sun gaza, kada ka matsa masa ya ɗora maka haƙorin. A rufe da dasashi a jira, ko da zai kai wata shida kamar yadda Brånemark ya tsara wa muƙamuƙin sama.