Madubin AmScope mai ido biyu: abin da na gani a cikin dutsen sama

Kuɗina na farko a banza suka tafi. Na sayi irin ƙaramin madubin nan da ake jonawa da kwamfuta, an rubuta a kwalinsa wai yana ƙara girman abu sau 1000. Da na ɗora masa ɗan guntun dutsen sama, wato dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya, da na saya, gram 12, sai hoto ya fito kamar kunun da ya kwana. Ga ƙafarsa roba, ko tari na yi sai ta girgiza.

Daga baya na koma madubin kamfanin AmScope, mai ƙara girma daga sau 7 zuwa 45, mai bututu na uku a sama don kyamara. Kada ku rena adadin. Dutse ba jini ba ne da haske zai ratsa shi daga ƙasa kamar a madubin asibiti, ta sama ake haska shi. Yawancin aikina tsakanin sau 10 da 30 nake yi. A nan ne dunƙulallun ƙwayoyin da ake kira kondurul suke fitowa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, ga ɓarɓashin ƙarfe na walƙiya a tsakaninsu. Ranar farko har na kusa makara sallar isha'i. Akwai kuma tazarar kusan santimita 10 tsakanin gilashi da dutse, hannu na shiga ya juya shi yadda ake so.

Hoto ne ke son haƙuri. Fitila mai zobe tana sa ƙarfen ya kashe ido, don haka tocila biyu nake karkatowa ta gefe, in rufa musu farar takarda. Idan dutsen ba a shafe yake ba, tudu ya fito kwari ya dushe, sai na ɗauki hoto wajen ashirin ina matsa saiti kaɗan-kaɗan, in haɗe su a kwamfuta.

Sai dai madubi ba ya ba da shaidar cewa dutse daga sama ya faɗo. Dutsen Zagami da ya faɗo a ƙasar Katsina a 1962, mai kilo 18, ba shi da kondurul ko ɗaya, kuma daga duniyar Mars ya zo. Ɗakin bincike ne ya tabbatar da hakan.

In hunturu ya shigo, a lulluɓe madubin. Ni tsohuwar rigar filo nake sa wa nawa.