Wata Uku Ina Kwana da Kiɗan Sleep na Max Richter

Tun da aka mayar da ni aikin dare a asibiti barci ya ƙaurace mini. Ko ranar hutuna ce, sai in kwanta bayan Isha'i in yi ta juyi har ƙarfe biyu, idona ƙyar. Ƙanwata da ke karatu a Ingila ce ta turo mini wannan kiɗa, ta ce, "Yaya, ba sai kin kasa kunne ba, ki kunna ki bar shi kawai."

Sunansa Sleep. Max Richter, haifaffen Jamus da ya tashi a Ingila, shi ya tsara shi, kamfanin Deutsche Grammophon ya fitar a 2015. Awa 8 ne da minti 24, kashi 31, kuma da gangan aka yi shi don a kwana da shi. Sai da Richter ya tuntuɓi masanin ƙwaƙwalwa David Eagleman kan yadda barci ke gudana.

Babu ganga, babu baiti. Fiyano ce ke sauke sauti ɗai-ɗai, tana maimaitawa kamar numfashin jariri, sannan gogen Turawa guda biyar, manya da ƙanana, su ja sauti ɗaya su riƙe shi har ka manta lokacin da ya fara. Jefi-jefi muryar mawaƙiya Grace Davidson takan taso, ba ta furta ko kalma ɗaya. A ƙarƙashin duk wannan akwai wani gurnani na na'ura, can ƙasa, wanda ƙirji ya fi kunne jinsa. A ganina gurnanin nan shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya.

Kuma nan ne na fara yin kuskure. Makon farko da sifikar waya na ji shi, gurnanin ya ɓace ɓat, gogen ya koma kamar kukan sauro, har na kusa gogewa. Da na ari sifikar ɗan yayata mai kauri na ajiye a ƙasan gado, sai na ji ɗakin ya cika, katifar kanta tana ɗan amsawa. Daren nan ban san inda kashi na uku ya ƙare ba.

Yana cin data sosai, gara a sauke shi gaba ɗaya inda ake da intanet mai ƙarfi, a kuma cika caji tun da rana, don wuta ba ta da tabbas. Wanda ya saba da kiɗa mai motsa jiki zai ce abu ɗaya ake ta yi, kuma da rana ni ma haƙurina ba ya kai rabin awa.

A ranakun hutuna, ƙarfe tara na dare nake kunnawa. Wajen ƙarshe sautin yakan ɗan washe, ya yi sama, kuma sau da yawa yana lafawa ke nan ladanin unguwarmu ke kiran Asuba.